Farashin tsofaffin motocin tsere na ta tashi: Shin lokaci ya yi da masu su za su sayar?

A ranar 5 ga watan Mayun 2022, a wani gwanjo da aka taƙaita ga waɗanda aka gayyata a gidan tarihin kamfanin Mercedes-Benz da ke birnin Stuttgart na ƙasar Jamus, an sayar da wata mota ƙirar shekarar 1955 a kan yuro miliyan 135, wato sama da dala miliyan 140 a canjin wancan lokaci. Motar mai suna 300 SLR Uhlenhaut Coupé ɗaya ce daga cikin guda biyu kacal da kamfanin ya ƙera, kuma babu wata mota da aka san an taɓa saya da tsadar da ta kai haka.

Wannan ciniki da ire-irensa sun sa mutane da dama a Turai da Amurka da Asiya sun fara kallon tsohuwar motar da ke ajiye a garejinsu a matsayin kadara, kamar gida ko hannun jari. Tambayar da ke gaban masu irin waɗannan motoci, da magadan da aka mutu aka bar musu, ita ce ko su sayar yanzu da kasuwa ke ci, ko su jira farashi ya ƙara hawa.

Amsar ta danganta ga irin motar, da abin da ake kashewa wajen riƙe ta, da kuma dalilin da ya sa aka mallake ta tun farko. Tarihin kasuwar ya nuna cewa manyan kuɗaɗen da ake ji a labarai na wasu 'yan tsirarun motoci ne, kuma farashin da ya hau yana iya saukowa.

Wace mota ce ke shiga wannan rukuni?

Ana maganar motocin da aka ƙera domin gudu da ƙawa ne, galibi masu ƙofa biyu da kujeru biyu, waɗanda wasunsu suka fafata a filayen tsere, wasu kuma aka yi su domin hawa a titi. Ƙasashe sun bambanta kan shekarun da mota za ta kai kafin a kira ta ta tarihi. A Jamus shekara 30 ne, kuma ana ba irin wannan mota lamba ta musamman. A Birtaniya motar da ta haura shekara 40 ana ɗauke mata harajin hanya da gwajin lafiyar mota na shekara-shekara.

Sai dai tsufa kaɗai ba ya sa mota tsada. Abu na farko da masu saye ke dubawa shi ne adadin da aka ƙera. Kamfanin Ferrari na Italiya ya yi 250 GTO guda 36 ne kawai tsakanin 1962 da 1964, kuma a lokacin ana sayar da sabuwa a Amurka a kan dala 18,000. A watan Agustan 2018 an yi gwanjon ɗaya daga cikinsu a kan dala miliyan 48.4. Haka McLaren F1 ta Birtaniya, wadda aka ƙera guda 106 tsakanin 1992 da 1998, an sayar da ɗaya a 2021 a kan sama da dala miliyan 20.

Na biyu shi ne tarihin ita kanta motar: wane ne ya tuƙa ta, wace gasa ta ci, a wane fim ta fito. Wata Aston Martin DB5 da aka ƙawata da na'urorin James Bond domin tallata fim ɗin Thunderball ta samu kusan dala miliyan 6.4 a 2019, ninkin ba ninkin abin da DB5 maras wannan tarihi ke samu.

Na uku shi ne asali. Motar da har yanzu ke ɗauke da injin da giyar da ta fito da su daga masana'anta, lambobinsu kuma suka dace da kundin kamfani, ta fi wadda aka sauya wa inji daraja nesa ba kusa ba. Tun 2006 Ferrari ta buɗe sashe na musamman mai suna Classiche, wanda ke bincikar tsofaffin motocinta ya ba da takardar shaidar cewa na asali ne. Takardun gyara da rasitai da sunayen waɗanda suka mallaki motar a jere duk suna ƙara mata kuɗi.

Me ya sa farashin ke hawa?

Babban dalili shi ne kayan ba sa ƙaruwa, masu nema kuwa suna ƙaruwa. Babu wanda zai sake ƙera Ferrari ta 1962, amma adadin attajiran duniya ya ƙaru ƙwarai a cikin shekaru 30 da suka wuce, musamman a Amurka da Asiya da Gabas ta Tsakiya.

Dalili na biyu ya shafi manufofin manyan bankuna. Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008, Babban Bankin Amurka da takwarorinsa na Turai sun saukar da kuɗin ruwa zuwa kusan sifili, suka bar shi a haka shekara da shekaru. Ajiye kuɗi a banki ya daina kawo abin kirki, sai masu dukiya suka karkata ga zane-zane da agoguna da tsofaffin motoci. A wannan tsakani ne, daga 2010 zuwa 2015, farashin motoci irin su Porsche 911 Carrera RS ta 1973, wadda aka ƙera guda 1,580, ya ninka sau da dama.

Akwai kuma begen ƙuruciya. Mutum yakan nemi motar da ya yi sha'awa yana saurayi a lokacin da ya samu hali, wato yana ɗan shekara 40 zuwa 60. Waɗanda suka taso da fina-finan Fast & Furious da wasannin tsere na kwamfuta sun kai wannan mataki, shi ya sa motocin Japan na shekarun 1990 suka yi tsada. Toyota Supra da marigayi Paul Walker ya tuƙa a fim ɗin farko ta samu dala 550,000 a 2021, wata Nissan Skyline GT-R da ya tuƙa a fim na huɗu kuma ta haura dala miliyan 1.3 a 2023. Dokar Amurka ma ta taimaka: motar da ba a ƙera bisa ƙa'idojin ƙasar ba sai ta cika shekara 25 ake barin shigo da ita, don haka ƙirar Skyline ta 1999 ta samu sabuwar babbar kasuwa daga 2024.

Wasu motocin kuma tamkar katin gayyata suke. Gasar Mille Miglia da ake rayawa duk shekara a Italiya tana karɓar samfuran motocin da suka shiga gasar ta asali tsakanin 1927 da 1957 ne kawai. Attajirin da ke son shiga cikin wannan taro dole ya mallaki irin motar, kuma hakan na riƙe farashinta.

Kasuwar ta taɓa rushewa

Duk mai tunanin jira ya kamata ya san abin da ya faru a ƙarshen shekarun 1980. Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin, ya rasu a watan Agustan 1988, a daidai lokacin da kuɗi suka yi yawa a hannun 'yan kasuwar Japan da na Landan. Nan take 'yan baranda suka afka wa motocin Ferrari, da yawansu da bashin banki, suna saye domin su sayar bayan 'yan watanni.

F40, mota ta ƙarshe da aka fitar yana raye, ta kai fam miliyan ɗaya a hannun masu sake sayarwa, wato kusan ninki biyar na farashin kamfani. An yi zaton guda 400 za a ƙera, amma da kamfanin ya ga buƙata ta yi yawa sai ya ƙera sama da 1,300. A 1989 wani ɗan ƙasar Japan ya sayi 250 GTO a kan sama da dala miliyan 13. Da kasuwar hannun jari da ta filaye suka karye a Japan daga 1990, tattalin arzikin Birtaniya da na Amurka kuma ya shiga matsi, masu saye suka ɓace. Zuwa 1994 an sayar da irin wannan mota a ƙasa da dala miliyan 4.

Labarin Jaguar XJ220 ya ƙara fito da lamarin. Da aka nuna samfurinta a 1988, mutane sun yi rububin ba da kafin alƙalami na fam 50,000 kowanne. Kafin a fara miƙa motocin a 1992, farashinta ya kai fam 470,000, an sauya mata inji zuwa ƙarami, kasuwa kuma ta mutu. Da yawa daga cikin waɗanda suka ba da kuɗi sun nemi janyewa, har aka kai ga kotu. Ƙasa da guda 300 aka ƙera.

Gaskiya ne cewa wanda ya riƙe 250 GTO daga 1989 zuwa yau ya ci riba mai yawa. Amma ya shafe fiye da shekara goma kafin farashi ya koma inda ya saya, kuma waɗanda suka ci bashi ba su samu damar jiran ba. Bankuna sun ƙwace motocin sun sayar da su a lokacin da kasuwa ta fi lalacewa.

Ina kasuwar ta dosa tun daga 2020?

Annobar korona ta kawo wani sabon tashi. Mutane na zaune a gida, kuɗin ruwa ya sake komawa kusan sifili, gwanjon intanet kuma ya bunƙasa. Shafin Bring a Trailer na Amurka kaɗai ya yi cinikin sama da dala biliyan ɗaya a 2022. A watan Agustan wannan shekarar, gwanjon makon motoci na Monterey a jihar Kalifoniya, wanda ake ɗauka a matsayin ma'aunin kasuwar, ya tara kimanin dala miliyan 470, adadi mafi yawa da aka taɓa samu zuwa lokacin.

Daga watan Maris na 2022 Babban Bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa domin yaƙi da hauhawar farashi, har ya haura kashi 5 cikin 100 a 2023. Cinikin Monterey ya sauka zuwa kimanin dala miliyan 400 a 2023. Ma'aunin kayan alatu na kamfanin Knight Frank ya nuna darajar tsofaffin motoci ta ƙaru da kashi 25 cikin 100 a 2022, sannan ta ragu da kashi 6 a 2023.

Ko manyan motocin sun ji a jikinsu. A watan Nuwamban 2023 an kai wata 250 GTO gwanjo a birnin New York ana sa ran za ta haura dala miliyan 60, amma ta tsaya a dala miliyan 51.7. Mai ita bai yi asara ba, domin rahotanni sun ce ya saye ta ne tun 1985 a kan kusan dala 500,000. Duk da haka cinikin ya nuna cewa masu saye sun daina biyan duk abin da aka faɗa musu. A gefe guda, motocin da babu kamarsu sun ci gaba da samun kuɗi: a watan Fabrairun 2025 wata Mercedes W196 ta tsere ta samu sama da yuro miliyan 51 a Stuttgart.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba

Idan aka ce farashi na hawa, sai a tambaya na wace mota. A ƙololuwar kasuwa akwai motoci 'yan ɗaruruwa a duniya baki ɗaya, masu tarihin tsere da ƙarancin adadi. Masu su galibi ba sa cikin matsin kuɗi, don haka idan tayi bai yi musu ba sai su ce albarka, su mayar da motar gida. Wannan ke hana farashinsu faɗuwa da sauri.

A tsakiya akwai motocin da aka ƙera dubbai, kamar Porsche 911 masu injin da iska ke sanyayawa, waɗanda aka daina yi a 1998, da Ferrari na shekarun 1970 zuwa 1990. Su ne suka fi bin yanayin tattalin arziki, domin masu sayensu likitoci ne da lauyoyi da 'yan kasuwa, waɗanda kan dakata idan al'amura suka tsuke.

A ƙasa kuma akwai waɗanda aka ƙera da yawan gaske. Jaguar E-Type, duk da shahararta, an yi fiye da guda 70,000 tsakanin 1961 da tsakiyar shekarun 1970. MGB ta haura rabin miliyan. Kullum akwai irinsu a kasuwa, mai saye yana da zaɓi, kuma sau da yawa kuɗin gyara guda ɗaya daga tushe ya fi abin da za a saye ta bayan an gama. Mafi yawan masu tsofaffin motoci a wannan mataki suke, kuma labarin yuro miliyan 135 bai shafe su ba.

Abin da ajiya ke ci

Gida yana kawo kuɗin haya, hannun jari yana kawo rabon riba. Mota kuwa cin kuɗi take yi ko tana tafiya ko tana tsaye. Akwai inshora, wadda ke ƙaruwa daidai da ƙaruwar darajar motar. Akwai wurin ajiya maras laima, domin tsatsa ita ce babbar abokiyar gabar tsohon ƙarfe. Akwai kuma kayan da ke lalacewa saboda daɗewa ko da ba a hau motar ba: tayoyi na bushewa, robobi na tsagewa, man birki na shan ruwa, fetur na lalacewa a cikin tanki. Tun 2021 fetur ɗin da aka fi sayarwa a Birtaniya yana ɗauke da sinadarin itanol har kashi 10 cikin 100, wanda ke cin robobin tsofaffin injuna.

Wasu motocin gyaransu na yau da kullum ma babban aiki ne. Ferrari F355 ta shekarun 1990, alal misali, sai an sauke injinta gaba ɗaya kafin a sauya mata bel, kuma ana yin haka duk bayan 'yan shekaru. Makanikan da suka san waɗannan injuna suna tsufa, kayan gyara na asali kuma suna ƙaranci.

Hatsari ma na nan. Ɗan wasan barkwancin nan na Birtaniya, Rowan Atkinson, wanda aka fi sani da Mr Bean, ya sayi McLaren F1 a 1997, ya yi hatsari da ita sau biyu. Gyaran na biyu, bayan hatsarin 2011, ya ci wa kamfanin inshora fam 910,000. Ya sayar da ita a 2015 a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya kusa fam miliyan 8. Ƙarancin irin motar ne ya cece shi. Motar da ake da dubbai irinta, idan ta yi mummunan hatsari, darajarta ba ta komawa yadda take.

Ga misali domin a ga lissafin a fili. A ɗauka mutum ya sayi mota a kan dala 100,000, yana kashe mata dala 4,000 duk shekara a inshora da ajiya da gyara. Bayan shekara 10 ya kashe dala 40,000. Idan aka saye ta dala 170,000, aka cire la'ada da kuɗin jigila da talla na dala 20,000, zai karɓi dala 150,000. Ribarsa ta haƙiƙa dala 10,000 ce, duk da cewa a idon jama'a farashin motar ya ƙaru da kashi 70 cikin 100. Da ya zuba uwar kuɗin a jarin da ke ba da ribar kashi 5 a shekara yana mayar da ribar ciki, da ya tashi da kusan dala 163,000.

La'ada da haraji

Hausawa na cewa ganin Dala ba shiga birni ba ne. Kuɗin da ake sanarwa bayan gwanjo ya haɗa da la'adar da mai saye ke biyan kamfanin gwanjo, wadda a manyan gwanjon Amurka ke kai kashi 10 zuwa 12 cikin 100. Wannan kaso ba ya zuwa hannun mai mota. Ford Mustang da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt, wadda wani iyali ya saya dala 6,000 a 1974 ya riƙe fiye da shekara 45, an sanar da cewa ta samu dala miliyan 3.74 a watan Janairun 2020, amma tayin da aka sallama a kansa dala miliyan 3.4 ne. Shi ma mai sayarwa yakan biya tasa la'adar, gwargwadon yadda suka daidaita da kamfanin.

Gwanjo na da wani haɗari. Mai mota na iya gindaya mafi ƙarancin kuɗin da zai karɓa. Idan tayi bai kai ba, motar ta dawo gida, kuma duk duniya ta ga ba ta sayu ba, abin da kan rage mata kwarjini a ciniki na gaba. Idan kuma bai gindaya ba, dole ya sallama a kan duk abin da aka taya. Sayarwa ta hannun dillali ko kai tsaye ta fi sirri, sai dai takan ɗauki lokaci. Shafukan intanet sun fi sauƙin la'ada, amma masu bibiya suna tona duk wani aibin motar a bainar jama'a.

Haraji ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Birtaniya ribar da mutum ya samu daga sayar da motar hawansa ba ta cikin abin da ake biya wa harajin ribar kadara, matuƙar ba sana'arsa ba ce saye da sayarwa. A Amurka ana biyan haraji a kan irin wannan riba. Wannan bambanci kaɗai na iya sauya lissafin mai niyyar sayarwa.

Wa zai saya nan gaba?

Darajar tsohuwar mota a gobe tana hannun wanda zai so ta a goben. Motocin da aka ƙera kafin Yaƙin Duniya na Biyu, in ban da 'yan ƙalilan na alfarma, sun daɗe farashinsu na tsaye, domin tsarar da ta taso da su ta kusa ƙarewa. Alamun haka sun fara bayyana a kan motocin Birtaniya na shekarun 1950 da 1960, waɗanda yawancin masu su sun haura shekara 70. Idan magada da yawa suka fito da irin mota ɗaya a lokaci guda, farashi zai sauka. Motocin shekarun 1980 zuwa farkon 2000 kuwa masu sha'awarsu yanzu suke kan ganiyar samu.

Sai batun wutar lantarki. A 2023 Tarayyar Turai ta amince da dokar da ta nufi kawo ƙarshen sayar da sababbin motoci masu fitar da hayaƙi daga 2035, kuma an ci gaba da muhawara kan sassauta ta. Dokar ba ta hana hawa ko sayar da tsofaffi ba. Masu kyakkyawan zato na ganin injin fetur zai zama abin marmari, darajarsa ta ƙaru. Masu ɗari-ɗari kuma na nuni da cewa birane na ƙara tsaurara dokokin hayaƙi, kuma fetur na iya yin tsada ko wuyar samu. Kamfanin Porsche ya zuba jari a wata masana'antar haɗa fetur daga iska da ruwa a kudancin ƙasar Chile, wadda aka buɗe a ƙarshen 2022, sai dai abin da take samarwa kaɗan ne.

Tsofaffin motocin da ke Najeriya fa?

Wannan kasuwa ta Turai da Amurka ce da wasu ƙasashen Asiya, kuma da dala da yuro da fam ake cinikinta. Amma ma'aunanta na amfani ga duk wanda ya gaji tsohuwar mota a nan gida. Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga shekarun 1970 tana da matsayi a zukatan 'yan Najeriya, sai dai an ƙera fiye da miliyan uku a duniya, don haka mai ƙofa huɗu ba ta cikin masu tsada. 'Yar'uwarta mai ƙofa biyu, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya tsara wa jiki, kuma irinta ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1978, ita ce masu tara motoci ke nema. Haka tsofaffin Mercedes samfurin SL masu buɗaɗɗen rufi.

Wanda ke da irin wannan a gida, kada ya yi gaggawar kai ta wurin 'yan gwangwan ko ya sauya mata inji da na wata mota. Ya adana takardunta na asali, ya duba lambar inji da ta jikin motar, ya ajiye ta inda ruwa da rana ba sa dukanta, sannan ya binciki abin da aka sayar da irinta kafin ya saurari tayin kowa. A Faransa an gano motoci kusan 60 da suka shafe shekaru suna ruɓewa a rumfunan gidan wani ɗan kasuwar sufuri da ya rasu. Da aka yi gwanjonsu a birnin Paris a watan Fabrairun 2015, wata Ferrari 250 GT California da aka samu a ƙarƙashin tarin mujallu ta samu yuro miliyan 16.3, ba tare da an yi mata ko fenti ba. Masu saye sun biya ne saboda babu wanda ya taɓa asalinta.

Wa ya kamata ya sayar, wa ya kamata ya riƙe?

Sayarwa ta fi dacewa da wanda ya daina hawan motar kuma yake riƙe da ita domin jiran ƙarin farashi kawai, musamman idan tana cikin waɗanda aka ƙera da yawa. Haka wanda kuɗin kula da ita ya fara yi masa nauyi, domin motar da aka daina yi wa hidima darajarta na zubewa kowace shekara. Haka wanda ya saye ta da bashi, ko wanda rabin dukiyarsa ke kwance a cikinta. Dattijon da 'ya'yansa ba su damu da motar ba shi ma ya fi kyau ya sayar da kansa, domin ya fi kowa sanin tarihinta da inda takardunta suke, kuma magadan da ke sauri su raba gado ba kasafai suke samun farashi mai kyau ba.

Riƙewa ta fi dacewa da wanda ke jin daɗin motar, yana hawanta, kuma hidimarta ba ta taɓa abincin gidansa. Idan farashi ya faɗi da kashi 30 cikin 100 gobe kuma hakan ba zai sa ya yi nadamar riƙe ta ba, to ba shi da dalilin gaggawa. Mai motar da ke da ƙarancin adadi na gaskiya da cikakkun takardu shi ma yana da hujjar jira, in dai zai iya jure shekaru goma na kasuwa maras daɗi kamar yadda aka gani bayan 1990.

Wanda ya yanke shawarar sayarwa ya dogara da farashin da aka sayar da irin motarsa a watannin baya-bayan nan, ya bar kallon kuɗin da masu talla ke nema. Ya sa masani mai zaman kansa ya duba ta, ya tattara takardu, ya lissafa la'ada da haraji tun kafin ya shiga ciniki, kuma ya guji yi mata babban gyara dab da sayarwa, domin ba kasafai kuɗin ke dawowa ba. Babu wanda ya san ranar da farashi zai kai ƙololuwa sai bayan ta wuce, kuma waɗanda suka ƙi sallamawa a 1989 suna jiran ƙari sun shafe shekaru kafin su sake jin irin wancan tayin.